Littafin da Baba Bai Ƙarasa Ba

Azumin bana ya faɗo tsakiyar bazara. Tun ƙarfe goma na safe kwanon ɗakina ke fara ƙara don zafi, kafin azahar kuwa yawun bakina ya yi kauri har ba ya haɗiyuwa. Shekaranjiya da yamma na buɗe firji zan fito da ƙanƙarar buɗa-baki, sai na tsaya riƙe da ita har ta fara ɗiga a kan yatsun ƙafata. Masu lissafin wata sun ce sai azumi ya yi shekara talatin da 'yan kai yana yawo kafin ya komo lokacin da ya baro. To, ya komo. Irin wannan rana aka yi, da irin wannan ƙishi, a azumin da na karanta wa Babana littafi a gidanmu na Unguwar Kanawa.

Ni ce 'yar fari, mu biyar ne kuma duk mata. Sunana Rakiya, amma a gidanmu ba mai faɗinsa. Inna tana kunyar 'yar fari, "ke" take ce mini, ko "waccan" in da wani take magana. Baba kuwa ba kunya ce ta hana shi ba, bai dai ga abin kira ba ne. Akawu ne mai kyawun rubutu, ya daɗe yana aikin gwamnati, har aka zo rage ma'aikata aka haɗa da shi. Bai shekara biyu a gida ba ciwon suga ya taɓa masa ido. A lokacin da nake ba da labari haske da duhu kawai yake bambancewa, amma bakinsa na nan da kaifinsa.

Baba mutum ne mai zama cikin "da a ce". Da a ce ba a yi masa ƙulli a ofis ba, da yanzu shi ne babban sakatare. Da a ce ya sayi filin nan na Mando tun ana roƙon mutane su saya. Da a ce Allah ya ba shi ɗa namiji. Wannan ta ƙarshen ya fi so, yakan faɗe ta ko muna zuba masa abinci. Ranar da na kawo masa takardar gama kwalejin horon malamai, ni ce kan gaba a Turanci, ya shafa takardar, ya miƙo mini, ya ce, "Da namiji ne ya kawo wannan, da na yanka rago." Shekarata ashirin da uku a lokacin, ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, kuma ba zan ɓoye ba, abu ɗaya nake nema a duniya: Baba ya buɗe baki sau ɗaya ya ce na iya wani abu.

Akwai wani littafi da muka tashi muna jin labarinsa kamar wani kawunmu da ya yi tafiya bai dawo ba. Wani Bature ya rubuta shi, tsohon jami'in mulkin mallaka, kuma a zamanin su Baba duk wanda ya yi boko ya san sunansa, ko da bai karanta ba. Ƙagaggen labari ne na abin da zai faru da a ce tarihi ya bi wata hanya. Sojan Turawa sun taso za su ci Arewa, kogi ya kawo ya cinye bindigoginsu, aka kore su har bakin teku, ba su sake dawowa ba. Baba ya karanta rabinsa yana ɗalibi. Wani malaminsu Bature ya ara masa, kafin ya gama malamin ya tafi hutu ƙasarsu da littafinsa, daga nan bai komo ba.

Rabin nan ya ishi Baba shekara arba'in. Yakan ba mu labarin birnin da ke cikin littafin, da ɗakunan karatunsa, da ayarin raƙuma, da gidan magani da malamai suka gina da ilminsu. Jarumin labarin wani magatakarda ne mai suna Haruna, wanda sarki ba ya yanke shawara sai da shi. Ba sai an gaya wa mutum ba, kansa Baba yake gani a Haruna. "Har Bature ya shaida," in ji shi, "da an bar mu, da mun fi su."

Saura kwana uku a ga wata na biyo ta bakin kasuwa, wurin da ake baza tsofaffin littattafai a ƙasa, sai ga shi a ƙarƙashin wani littafin lissafi. Bangonsa ya yage, ruwa ya taɓa gefensa. Ban ko buɗe ba na saya, na zo gida kamar in tashi sama. Na durƙusa na sa wa Baba a hannu, na karanta masa sunan. Ya shinshina shi, ya shafa, ya sake shafawa.

"Wa ya samo?"

"Ni ce, Baba. A kasuwa."

"Allah ya yi wa mai sayar da shi albarka," in ji shi.

Shekarar nan ta zo da tsanani. Kaya sun yi tashin gwauron zabo, sukari da madara da sabulu sai an bi layi, wani lokacin ka kai gaba a ce sun ƙare. Kananzir ya ɓace, muka jingine risho muka koma murhu. Famfon gidanmu in ka murɗa tari kawai yake yi. 'Yan ga-ruwa, yawancinsu Katsinawa da Zamfarawa, suna turo kura da azumi a bakinsu, jijiyoyin wuyansu duk a waje, mu kuma ba kullum muke iya saye ba. Yanzu yara na tsayar da mai ruwan leda daga inda suke zaune, a lokacin kuwa kowane kofi mun san nisan da ya yi kafin ya iso randa.

Kwanakin duk iri ɗaya ne. Mu yi sahur da ɗumamen tuwon masara da miyar kuka, mu ɗura ruwa har ciki ya yi nauyi. Ana idar da asuba ni da ƙannena mu ɗauki bokitai zuwa rijiyar maƙwabta, wadda ruwanta ya ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. Daga nan in wuce makaranta, in tarar da ɗalibai sun kifa kai a kan benci, in yi ta magana ni kaɗai. In dawo da ƙarfe ɗaya, in surfa wake, in an kawo wuta a kai markaɗe, in babu mu niƙa a dutse. Inna ta dama kunun tsamiya, sau da yawa ba sukari, ta ce wai haka ya fi lafiya. Ƙurajen zafi sun feso mana a wuya da baya. Sama ta yi fari fat, hadari ya taso daga gabas da yamma, mu fito tsakar gida muna kallo, sai iska ta watsa shi. Abin da ke ruri a sama kawai jiragen sojan Mando ne.

Bayan la'asar kuma aikina ne neman ƙanƙara. Wata mata ce a Unguwar Shanu ke sayarwa, layinsu ba a cika ɗauke wuta ba. In taka har can, in bi layi, in naɗe abin da na samu a tsumma da buhu, in dawo da sauri. Kafin in iso rabi ya tsiyaye a hanya.

Shi kuwa karatun, Baba tsara shi ya yi kamar tafsiri. Tsakanin azahar da la'asar, a zaure. Ni ce mai jan baƙi, shi ne mai fassara. In zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida, lulluɓe da gyale, in karanta da Turanci, in tsaya, shi kuma ya juya da Hausa. Ya gayyato aminansa biyu. Akwai Malam Ladan, tsohon hedimasta, mutum mai sanyi, wanda Turancinsa bai gaza na Baba ba. Akwai Alhaji Mati, tsohon direban ofishinsu, Bakatsine, wanda ko a gaisuwa bai yarda da Turanci ba. Kafin mako ya zagayo maƙwabta sun ji labari, zaure ya fara cika.

Gaskiya ban taɓa ganin Baba irin na kwanakin nan ba. Ya sa a wanke masa manyan rigunansa na zuwa ofis. Yana fassara yana ƙara gishiri, layi ɗaya na Bature sai ya zama biyar a bakinsa. In Haruna ya yi wata dabara a fada, Alhaji Mati ya buga cinya ya ce, "Kai, wanga Haruna namiji ne!" Baba ya gyara zama kamar shi aka yaba. Ni kuma rabona gyara. Ba na yin layi uku bai tsayar da ni ba. "Ba haka ake faɗi ba. Sake. Buɗe bakinki, ba tuwo kike ci ba." In sake, mutane su yi dariya, in haɗiye. Duk da haka daɗi nake ji, don a rayuwata ban taɓa zama kusa da shi na tsawon sa'a guda ba.

Ranar Juma'ar mako na biyu ba a yi karatu ba, maza sun tafi masallaci. Ɗoki ya hana ni haƙuri, na shige ɗaki na buɗe inda Baba bai taɓa kaiwa ba, na karanta har ƙarshe.

Ban taɓa jin littafi ya ci amanata irin wannan ba. Ashe Baturen nan ya gina birnin ne don ya sami abin rushewa. Daga tsakiya fari ya zo, sarakuna suka kama yaƙi da juna, kowa na sayar da ɗan'uwansa. Littattafan da aka cika mana baki da su, da su aka hura wuta aka dafa abinci. Mutanen da a farko suke magana da hankali duk suka koma sakarkaru, ba dalili, don dai marubucin yana gaggawar isa inda yake so. Haruna ya karɓi cin hanci, ya ba da amininsa aka kashe, ya gudu. A babin ƙarshe ya isa bakin teku cikin tsumma, ya durƙusa gaban wani matashin Bature ɗan kasuwa yana roƙon su dawo su karɓi ƙasar. Ya ƙare yana goge wa yaron takalma, yana godiya. Shafukan ƙarshe ba labari ba ne ma, wa'azi ne, wai irinmu ba a barinmu mu kaɗai, yadda ba a barin yaro da wuta. Na rufe littafin raina a ɓace, kunya ta rufe ni, har na manta da ƙishi.

Na sami Inna a gindin murhu tana fifita wuta, na gaya mata. Ba ta ɗago ba.

"Ki ce takardun ƙarshen sun yage. Ko ki ce gara ta ci."

"Ƙarya da azumi, Inna?"

"Ke kika sani. Mutumin nan ba ido, ba aiki. Littafin nan ya rage masa."

Na yarda da maganarta. Na ma sa alama a shafin da zan tsaya, daidai inda Haruna ke tsaye a kan ganuwa yana kallon gonaki. Allah ya sani da niyyar rufa masa asiri na kwana.

Ranar sha bakwai ga wata aka yi zafin da ya fi na kullum. Kwalta ta yi laushi, ko kaji sun buɗe baki sun lafe a inuwa. Na je Unguwar Shanu na tarar da layi har waje, da ƙyar na sami guntun ƙarshe. A hanyar dawowa silifa ɗaya ta tsinke, na taka da ƙafa ɗaya ba takalmi, tafin ƙafar ya yi ta zogi. Na iso ana dab da kiran magariba, su Baba na zaure suna jiran shan ruwa. Na gaishe su na wuce, ina bayan ƙofa na ji Alhaji Mati yana cewa, "Malam, ɗiyar nan taka ta fi maza goma. Ga karatu, ga hidima."

Na tsaya cak. Na ce yau dai zan ji.

Baba ya yi dariya. "Karatu? Aku ma yana maimaita magana, Alhaji. Abin da ke takarda take faɗi, ba ta san abin da ke ciki ba. Allah dai bai ba ni wanda zan bar wa ilmina ba, sai masu ɗauko ƙanƙara."

Wasu suka yi dariya. Ina tsaye ruwan ƙanƙarar na bin hannuna yana shiga hannun riga. Na kai wa Inna, ta fasa a kwanon sha, aka fita da shi zaure, ya dawo wayam. Ni da ruwan randa na buɗe baki. Bayan na yi salla na ɗauko littafin na cire alamar nan na jefa a murhu.

Washegari muka wuce shafin ganuwa, na ci gaba. Na karanta a tsanake, kowace kalma na fitar da ita yadda ya koya mini, baki a buɗe. Da fari ya zo a labarin Baba bai damu ba. "Jarrabawa ce," ya gaya wa mutane, "ku dai jira ku ga yadda Haruna zai fitar da su." Kwana biyu yana faɗin haka. A rana ta uku muka zo wurin cin hanci, Baba ya ce wai wani attajiri ya yi wa Haruna kyauta.

"Baba," na ce daga bakin ƙofa, "ba kyauta ya ce ba. Cin hanci ya ce."

Inna ta jefo mini kallo daga tsakar gida, na kau da kai.

Ranar ashirin da ɗaya muka kai bakin teku. Na karanta durƙuson Haruna, na tsaya kamar kullum don a fassara. Baba bai fassara ba. Gumi na bin gefen hularsa, hannunsa na lalube a tabarma yana neman carbi, alhali carbin na kan cinyarsa.

"Malam, mi ya ce?" in ji Alhaji Mati.

Sai na fassara da kaina. Da Hausa, da ƙarfi, ban rage komai ba, tsumman, da roƙon, da takalman, da maganar yaro da wuta. Zan so in ce na yi ne don gaskiya, amma ƙarya ce. Daɗi na ji. Ina kallon fuskarsa ina ƙara sassauta murya don kowace kalma ta shiga. Wani maƙwabci ya kasa riƙe dariya, ya ce, "Ashe jarumin namu boyi-boyi ya koma."

Baba ya ɗaga hannu. Muryarsa ta dushe. "Ladan, karɓi littafin nan ka duba mini."

Malam Ladan ya karɓa, ya sa tabarau, ya karanta shafin, ya juya na gaba, ya komo baya. Ya daɗe. Ya dubi Baba, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, babu wannan a nan. Yarinyar ce ta ƙara nata."

Baba ya sauke wani dogon numfashi, har kafaɗunsa suka saki.

"Na sani," in ji shi. "Tun shekaranjiya na ji Turancin ya lalace, na ce wannan ba hannun mai ilmi ba ne. Tashi ki ba ni wuri, maƙaryaciya. Da azumi a bakinki!"

Na tashi a gaban maza goma sha wani abu, ƙafata na harɗewa da gyale. A cikin gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Na ce mata gobe zan kawo wata abokiyar aikina ta karanta masa shafin a gaban kowa.

"Ba za ki kawo kowa ba."

"Inna, ni fa aka ƙaryata. Kin san gaskiya na karanta."

"Na sani." Ta ci gaba da buga rariya. "Littafin nan in ya rasa shi, ba zai tashi ba. Ke kuwa dama bai taɓa riƙe ki ba, balle ya rasa."

Ba da faɗa ta faɗa ba, yadda za ta ce gishiri ya ƙare haka ta faɗa. Na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, ga ba halin shan ruwa.

Kwana biyu ba a yi karatu ba. Baba ya so Malam Ladan ya ƙarasa masa, shi kuma ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Baba ya daina fita zaure, kunu ma kurɓa biyu yake yi ya ture. A rana ta uku ina dawowa daga makaranta Malam Ladan ya tare ni a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida.

"Rakiya, na zalunce ki, na sani, kuma zan amsa a gaban Allah. Amma ke kika fara."

Na nufi ƙofa zan wuce, ya sha gabana ya ci gaba.

"Yana jiran ƙarshen littafinsa. Ni ba zan iya ƙaga shi ba, na gwada. Ke za ki iya. Ki rubuta masa abin da ya yi shekara arba'in yana jira, ki sa a tsakiyar littafin ki karanta."

"In kuma ba shi haƙuri a kan ƙaryar da ban yi ba?"

"Ki ba shi," in ji Malam Ladan. "Kin yi abin da ya fi ƙarya."

Na durƙusa a gaban Baba da yammar nan na ce na tuba. Ya bar ni a durƙushe har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya ce gobe in zo in karanta abin da ke rubuce, ba abin da Shaiɗan ya raɗa mini ba. Na roƙi kwana uku, na ce jarrabawar ɗalibai nake dubawa.

Da an dawo daga rijiya, kafin lokacin makaranta, nake zama a bayan ɗakin girki da littafin rubutu na 'yan makaranta. Tausayi na ciki, ba na musu, don na ga yadda wuyansa ya zurma cikin riga. Amma babban dalilina ba shi ba ne. So nake in ji Baba yana yabon maganar da ta fito daga kaina, ko da da sunan wani ne.

Ban taɓa aiki irin wannan ba, kuma ban sake ba. Na kwaikwayi tafiyar Turancin Baturen har na fi shi iya ta. Farin da ya kawo na bar shi, don na san ƙishi fiye da shi, na rubuta yadda harshe ke manne wa ganɗa, da ƙarar guga in ta taɓa laka. Na mai da cin hancin nan tarko ne Haruna ya ɗana wa maciya amana. Na sa shi ya buɗe rumbunan sarki, ya fita da kansa ana haƙa rijiyoyi, ya yi ta rubuta wasiƙu har sarakuna suka ajiye makamai. Na ba shi hannun Baba, yadda yake goge bakin alƙalami a gefen hula kafin ya fara rubutu. A ƙarshe ya tsufa, idonsa ya tafi, sai ga Turawa uku a ƙofar birni, ba bindiga, sun zo neman a koya musu. Ya sa aka ba su ruwa da masauki.

Kwana uku na yi ina karantawa, takarduna a ɓoye a tsakiyar littafin. Zaure ya cika fiye da da, har da waɗanda suka zo don su ga maƙaryaciya. Baba bai tsayar da ni ko sau ɗaya ba. Yana fassara muryarsa na dawowa, a rana ta biyu har ya nemi ƙarin ƙosai da aka sha ruwa.

Ranar ƙarshe, ashirin da tara ga wata, tun azahar gabas ta yi baƙi. Wannan karon iska ba ta watsa shi ba. Muna tsakiyar babin Turawa uku aka fara yayyafi, ƙamshin ƙasa ya shigo zaure, sai kuma ruwa ya tsuge a kan kwano har sai da na ɗaga murya kamar mai talla. A cikin gida ina jin ƙannena na gudu da bokitai da kwanoni suna tarar ruwan indararo. Baba na fassara hawaye na zuba daga idanun nan da ba sa gani, bai ko share ba. Da na kai layin ƙarshe Alhaji Mati ya yi kabbara, mutane suka amsa. Malam Ladan kansa na ƙasa, yana wasa da bakin tabarma.

Aka kira la'asar, maza suka fita da gudu cikin ruwa, riguna a ka. Ya rage daga ni sai Baba. Wannan ce magana mai tsawo ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu, don bai ga wani azumin ba. Ina tattara takarduna a hankali don kada su yi ƙara, ya juyo da fuskarsa wajen ƙofa.

"Ke."

"Na'am, Baba."

"Kin ji ko? Kin ji yadda ake rubutu?"

"Na ji, Baba."

"Wurin rijiyar nan, da wurin alƙalamin. Mutum baƙo, amma ya san mu haka." Ya girgiza kai, ya share fuska da hannun riga. "To, ki riƙe wannan. Ke ko za ki shekara ɗari kina koyar da Turanci, ba za ki iya haɗa layi ɗaya irin wannan ba."

Takardun na hannuna, da rubutuna a kai, tsakanina da shi bai fi taku biyu ba. Na dube su, na dube shi yana murmushi.

"Haka ne, Baba," na ce. Na kama hannunsa na kai shi ya yi alwala.